Tambayi Mai Gyara: In Na Raba Kwamfuta Tebur Huɗu, Za Ta Yi Gudu?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karo kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato dabarar nan ta buɗe teburin aiki fiye da ɗaya a cikin kwamfuta guda. Ita ce za ku ga an rubuta Bureau 1, Bureau 2 a injinan da aka saita da Faransanci, kamar yawancin namu na nan. Da alama wani ya baza a WhatsApp cewa ita ce maganin nauyin kwamfuta. Na tsamo biyar na taƙaita su, sauran ku yi mini haƙuri.

TAMBAYA: Malam, ina da shagon buga takardu da fotokopi a Tawa, ɗalibai da masu neman aiki ne yawancin masu zuwa. Kwamfutata HP ce ta hannu, Windows 10, RAM giga 4. Da safe lafiya lau, amma kafin azahar sai ta fara jan ƙafa, in na danna Word sai na kurɓi shayi kafin ya buɗe. Ɗan yayata ya ce in raba ta tebur huɗu, kowane aiki da teburinsa, wai nauyin zai rabu gida huɗu. Na yi. Ido kam ya huta, amma nauyi na nan daram. Ni ne ban iya ba, ko yaron ne ya shirga mini?
Daga mai shagon buga takardu, Tawa.

AMSA: Ɗan'uwa, ka iya sarai, kuma yaron bai shirga maka da gangan ba, abin da ya ji ne ya kawo maka. Maganar ce tun asali ba ta da tushe. Ƙarin tebur ba ya rage wa kwamfuta nauyi. Tagar da ka tura tebur na biyu ba ta rufu ba, ba ta kuma yi barci ba, gabanka kawai ta bari. Kai mutumin Tawa ne, ka sha ganin amalanken albasa: in aka lulluɓe rabin buhunan da tamfol, mai kallo ne ya daina ganinsu, jakin da ke ja bai san an yi ba.

Kada ka yarda da ni haka kawai, gwada da hannunka. Danna Ctrl da Maj (Shift) da Échap (Esc) tare, Gestionnaire des tâches zai buɗe, wato tagar da ke nuna abin da injin ke yi. Shiga Performance, ka taɓa Mémoire, wato RAM, inda injin ke riƙe duk abin da ke buɗe, ka riƙe lambar da ka gani, a ce giga 3,4 cikin 4. Yanzu kwashe tagoginka duka ka jibge su tebur na huɗu, ka dawo na ɗaya da ba kowa, ka sake dubawa. Lambar ba za ta motsa ba sai ɗan rawar da dama take yi. To rufe Chrome gaba ɗaya ka sake leƙawa. Nan ne za ka ga ta faɗo.

Akwai ɗan ƙwayar gaskiya a maganar yaron, kada in danne masa haƙƙi. Tun wajen ƙarshen 2020, Chrome na Windows yana lura in tagarsa ta ɓuya, ko wata taga ta rufe ta ko tana wani tebur daban, sai ya daina wahalar da kansa da zana abin da ba mai kallo. Wannan yana sassauta wa injin kaɗan, yana kuma ɗan taimakon batir. Amma shafukan da ka buɗe suna nan zaune cikin RAM, kuma RAM ɗin ne ciwonka.

Ga abin da ke faruwa a shagonka tsakanin hantsi da azahar. Cikin giga 4 ɗin nan, Windows 10 shi kaɗai yakan cinye kusan rabi tun kafin ka taɓa komai. Sai ka buɗe Word don takardar neman aikin wani. Wata ta turo maka fayil ta WhatsApp, ka buɗe shi a Chrome. Wani ya kawo kile da hotunan fasfo. Ga PDF ɗin ɗalibi mai shafi ɗari da wani abu, ga Facebook da ka leƙa da safe ka bar shi. Kowane mai zuwa ya tafi, amma tagarsa ta kwana. Idan RAM ya cika, Windows ba ya tsayawa, sai ya riƙa kwashe abin da ba a taɓa ba yana ajiyewa a kan diski, in ka nema ya ɗebo ya mayar da wani. Matsalar ita ce diskin irin waɗannan injinan na hannu galibi mai faifai ne, yana juyawa sau 5400 a minti, da allura mai bin sa tana neman abu. A kan babban fayil yakan karanta wajen mega 100 a daƙiƙa, amma a kan ƙananan gutsattsari da ke warwatse, irin wannan kai-da-kawon, sai ya koma rarrafe. Shi ne lokacin da za ka ga fitilar diski ta tsaya cak ba ƙyaftawa, Disque ya nuna kashi 100, linzami ya koma zobe yana juyi, mai takarda kuma yana tsaye a kanka yana duban agogo.

Sai zafi ya zo ya ƙara. Ba sai na ba mutumin Adar labarin watan Afrilu ba, nan Yamai ma ma'auni yakan wuce 40 da rana. Ƙwaƙwalwar injin in ta doshi digiri 95 zuwa 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Duk injin da aka kawo mini bayan hunturu, in na kwance shi, abin da nake tararwa tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya shi ne wani jan dunƙule kamar auduga, ƙura da zare sun haɗu sun toshe hanyar iska ɗif. Fanka na ihu, iska ba ta fita. Irin wannan injin ko tebur goma ka raba shi, azahar na yi zai kwanta.

Abin da zan ce ka yi, ka fara da wanda ba ya cin ko dala. A cikin Gestionnaire des tâches akwai shafin Démarrage. Duk manhajar da ke tashi tare da injin ba tare da ka kira ta ba tana nan jere, ka kashe waɗanda ba ka buƙata da safe. In kana da maganin ƙwayar cuta biyu, cire ɗaya, don junansu suke bincika suna cin ƙarfin injin, kuma wanda ya zo cikin Windows 10 ya isa mai shago in ana sabunta shi. A saitin Chrome akwai Économiseur de mémoire da aka kawo a farkon 2023, kunna shi, yana kwantar da shafukan da ka daɗe ba ka leƙa ba. Sannan ka kai injin a hure masa ƙura, a sake masa man sanyaya in ya bushe, kuma ka ɗaga shi daga kan tabarma ko tulin takardu.

In ya zo ga kashe kuɗi, ni ra'ayina SSD ne farko, wato sabon irin diski mara faifai mai juyawa. Ko mai arha cikinsu yana karanta wajen mega 500 a daƙiƙa, kuma ba shi da allurar da za ta yi yawo, don haka a kan ƙananan fayiloli tazararsa da tsohon diski ta fi haka nesa. Tsohon diskin a sa maka shi cikin ɗan akwati ya zama ma'ajiyar waje. Bayan shi sai RAM, a kai shi giga 8. Kafin ka saya, duba wancan shafin na Mémoire, a ƙasa yana faɗin gurbi nawa aka cika cikin nawa. Ka tafi da injin gaban mai sayarwa, saboda RAM iri-iri ne, DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, kuma wasu injinan DDR3L kawai suke karɓa. Wani abu da ke cin kuɗin mutane a banza: in Windows ɗinka mai bit 32 ne, ko giga 16 ka zuba masa ba zai mori abin da ya kai giga 4 cikakke ba, sai an sake masa mai bit 64.

Da wannan duka, ban ce ka rushe teburanka ba. Kai da kanka ka ce ido ya huta, kuma a shago irin naka hutun ido kuɗi ne. Minti nawa kake ɓatawa kana neman takardar wani cikin tagogi goma sha biyar masu kama da juna, Document1, Document2, Document7? Sau nawa aka buga wa mutum takardar da ba tasa ba, tawada da farar takarda suka tafi? Sai dai huɗu sun yi maka yawa. Yi biyu. Na ɗaya na mai takardar da ke gabanka, ba abin da zai zauna a kai sai aikinsa. Na biyu naka, WhatsApp da lissafin shago. Mutum na biya ya juya baya, ka rufe duk abin da ke tebur na ɗaya kafin ka ce na gaba ya matso. Da haka tebur zai taimaka wa gudun injin, ta hanyar nuna maka abin da ya kamata ka rufe. Na fi tsoron akasin haka, don na sha karɓar injin da aka ce ya lalace, in danna maɓallin mai tambarin Windows da Tab in tarar da tebur shida, kowanne da tagogin da mai shi ya manta da su tun shekaranjiya. Da suna gabansa da sun dame shi ya rufe su.

TAMBAYA: Baba mai gyara, ni ɗaliba ce a Jami'ar Abdou Moumouni, ina rubuta kundin kammala karatu. Ran nan da dare ina cikin bugawa sai komai ya ɓace, Word da PDF da Chrome, har sandar ƙasa ta zama wayam, sai hoton bango kawai. Abin mamaki karatun Alƙur'anin da nake saurare bai tsaya ba. Na tsorata na danne maɓallin kashewa, da na kunna na rasa wajen shafi biyu. Ƙawata ta ce ƙwayar cuta ce. In kai a goge injin?
Daga wata ɗaliba, Harobanda, Yamai.

AMSA: Ɗiyata, kada ki bari kowa ya goge miki inji a kan wannan. Karatun da bai tsaya ba shi ne shaidarki. Abin da na fi zato shi ne hannunki ya haɗa maɓalli uku, Windows da Ctrl da D, su ne ke buɗe sabon tebur su jefa ki ciki nan take. Windows da Ctrl maƙwabta ne a kusurwar hagu ta ƙasa, D kuma gefen S yake, mai neman Ctrl da S cikin duhu yana iya tafka su. Akwai kuma shafar yatsu huɗu a kan faifan linzami, wadda ke zamar da mutum zuwa teburin gefe in dama akwai shi. Aikinki na nan lafiya a tebur na ɗaya lokacin da kika kashe. Da kin danna Windows da Ctrl da kibiyar hagu, da kin gan shi yadda kika bar shi. Kashewar ce ta cinye shafi biyun.

Kafin ki haƙura da su, buɗe Word, ki shiga Fichier, Informations, Gérer le document, ki duba ko ya ajiye wani abu. Word yakan ɗauki kwafin ceto duk minti 10 in ba a taɓa saitinsa ba. Ki shiga Options, Enregistrement, ki mai da shi minti 2 ko 3, don a garin da ake ɗauke kuran ba sallama minti 10 ya yi tsawo. Kundin kuma kada ya kwana wuri ɗaya: kwafi a kile, kwafi a imel ɗinki.

Tunda tsautsayi ya haɗa ki da abin, bari ki more shi, don mai rubuta kundi ya fi kowa buƙatarsa. Maɓallan kaɗan ne. Windows da Tab yana baje miki duk tagogi da duk tebura a gabanki. Windows da Ctrl da kibiyar hagu ko dama yana kai ki tebur na gefe. Windows da Ctrl da F4 yana rufe teburin da kike ciki, kuma kada gabanki ya faɗi, ba ya rufe aikinki, tagogin sukan koma teburin da ke maƙwabtaka. In kina son ɗaukar taga daga wannan zuwa wancan, danna Windows da Tab ki ja ta da linzami ki sake ta kan teburin da kike so, ko ki danna mata dama ki zaɓi Déplacer vers.

Da ni ne ke, ga yadda zan jera. Tebur na ɗaya, Word da littafin da kike ɗauko bayani daga ciki, kafaɗa da kafaɗa. Taɓa Word ki danna Windows da kibiyar hagu, zai kama rabin fuska, Windows kuma zai nuna miki sauran tagogi ki zaɓi wadda za ta cike dama. Dabarar raba fuska biyu ta girmi teburan Windows, tun Windows 7 na 2009 take. In laftof ɗinki irin mai faɗin ɗigo 1366 ne, kamar yawancin na ɗalibai, kowane rabi 683 zai samu. Ya isa Word da PDF in kin rage girman rubutu kaɗan, amma kada ki ce za ki cusa huɗu, idonki ne zai biya. Tebur na biyu na bincike, Chrome da shafukansa. Na uku WhatsApp da Facebook, can nesa, yadda sai kin yi niyya kin danna kibiya sau biyu kafin ki isa. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Alamar saƙo in tana lumshe ido a sandar ƙasa, ba mai rubuta sakin layi ya kai ƙarshe.

Don abin ya yi aiki, leƙa Paramètres, Système, Multitâche. Akwai zaɓi biyu a wurin, ɗaya na sandar ƙasa, ɗaya na Alt da Tab. Ki tabbata duka an ce su nuna tagogin teburin da kike kai kawai. In aka bar su suna nuna na ko'ina, kin raba ɗaki ne kin bar ƙofa buɗe. Manhajar karatun da kike saurare kuwa, danna mata dama a cikin Windows da Tab, akwai zaɓin nuna ta a kan dukkan tebura, sai ta bi ki duk inda kika je. Kina iya sa wa kowane tebur suna, an kawo wannan a Windows 10 tun sabuntawar Mayun 2020. Windows 11 ya ƙara da barin kowane tebur ya sami hoton bangonsa, kuma wannan ya fi suna amfani, don da kallo ɗaya kin san inda kike. Allah ya ba da sa'ar kare kundi.

TAMBAYA: Malam, ina harkar hatsi, lissafina da sunayen masu bashi duk suna cikin Excel. Yaran gida da yaron shago suna taɓa kwamfutar. An nuna mini yadda zan ɓoye lissafin a tebur na biyu in bar musu na ɗaya. Ya wadatar?
Daga wani Alhaji, Katako, Yamai.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, bai wadatar ba ko kusa. Tebur na biyu ba shi da makulli. Duk yaron da ya danna Windows da Tab zai ga Excel ɗinka ɓaro-ɓaro, kuma yaran yanzu sun fi mu sanin wannan maɓallin. Ko bai sani ba, ya buɗe Documents ya taɓa fayil ɗin, Windows da kansa zai ɗauke shi ya kai shi inda ka ɓoye. Duk teburan asusu ɗaya ne, fayiloli ɗaya, kalmomin sirrin da Chrome ya riƙe maka ma ɗaya.

Abin da kake nema asusu daban ne. A Paramètres, Comptes, wurin sauran masu amfani, a buɗe wa yara nasu, a bar shi asusun talaka, wato standard, kada a ba shi ikon administrateur, don mai wannan ikon yana iya kutsawa cikin fayilolin kowa. Naka ka sa masa kalmar sirrin da ba shekarar haihuwarka ba, ba lambar wayarka ba. In za ka tashi salla, Windows da L, injin ya kulle cikin ƙiftawar ido. Fayil ɗin bashin kuma Excel yana iya rufe shi da kalmar sirri tasa, ta Fichier, Informations, sai dai ka rubuta ta ka adana inda kake adana takardun gida, don in ta ɓace ba ni ba, ba wani mai gyara da zai yi maka alkawarin buɗewa. Abu ɗaya ka kiyaye: in kana canza asusu ba tare da ka fita daga naka ba, manhajojinka na nan suna cin RAM a bayan fage, yaran za su ce injin ya yi nauyi.

TAMBAYA: Mushe, a lakkol ɗinmu injinan Windows 7 ne, wasu kuma an sa musu Ubuntu. Na nemi wannan abu na tebura a Windows 7 ban gani ba. Sabon abu ne?
Daga wani malamin makaranta, Tawa.

AMSA: Malam, a Windows ne kawai ya zo a makare. Masu bincike a cibiyar Xerox PARC ta Amurka sun gwada tunanin tun 1986 da wani tsari da suka kira Rooms. Masu Linux sun saba da shi tun shekarun 1990, har suna yi wa 'yan Windows dariya. Apple ya sa shi a Mac a 2007 da sunan Spaces, a can Control da kibiya ake dannawa. Microsoft bai gina shi cikin Windows sosai ba sai da Windows 10 ya fito ranar 29 ga Yulin 2015.

Don haka injinanku na Ubuntu, wanda nau'in Linux ne, suna da shi. A sababbin fitowa, danna maɓallin mai tambarin Windows shi kaɗai za ka ga teburan, shi da Page Up ko Page Down kuma yana zagayawa da kai. Na Windows 7 sai da ƙarin manhaja. Akwai wata 'yar ƙarama ta kyauta daga Microsoft mai suna Desktops, cikin kayan Sysinternals, tana ba da tebur har huɗu, amma ba ta barin ka ɗauki taga daga wannan zuwa wancan, abin da ya rage mata armashi ƙwarai. Ni dai ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Abin da ya fi damuna shi ne Windows 7 ya daina samun gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, ga kilen ɗalibai na shiga na fita. Windows 10 ma wa'adin gyaran tsaron da Microsoft ya yanka masa ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma yana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar inji ta baya-bayan nan, wadda tsofaffin injinan lakkol ba su da ita. Tunda kuna da wanda ya iya sa Ubuntu, ku sa wa sauran wani Linux mara nauyi irin Xubuntu ko Linux Mint. Tebura na ciki, kuma inji mai giga 2 ko 4 zai numfasa.

Wani gargaɗi tunda lakkol ce: in wani ya ce zai sa muku VirtualBox don ku sami tebur na biyu, ku dakatar da shi. Wancan kwamfuta ce sukutum ake ginawa cikin kwamfuta, da nata Windows ko Linux, kuma RAM ɗinku za ta yanka ta ɗauka. Sunayen ne suka yi kama, don su ma teburan bureaux virtuels ake kiransu.

TAMBAYA: Yaya, na gwada maɓallan canza tebur da aka turo mini, sai fuskar laftof ta kwanta a gefe, yanzu sai na karkata wuya nake karatu. Sannan in kuran ya ɗauke injin ya mutu, teburan nawa za su dawo?
Daga wani matashi, Bukoki, Yamai.

AMSA: Ƙanena, miƙe wuyanka. Ctrl da Alt da kibiya ka danna maimakon Ctrl da Windows da kibiya. A tsofaffin injina masu katin hoto na Intel wannan haɗin juya fuska yake yi. Danna Ctrl da Alt da kibiyar sama, za ta miƙe. In ta ƙi, danna dama a kan hoton bango, Paramètres d'affichage, ka nemi Orientation ka mai da shi Paysage. Mai yiwuwa wanda ya turo maka maɓallan ɗan Linux ne, don a can Ctrl da Alt da kibiya ne ke canza tebur a tsare-tsare da yawa.

Batun kuran kuwa, teburan kansu za su dawo, da yawansu da sunayensu, amma wayam. Tagogin da ke kai sun tafi, sai ka sake buɗe kowace ka kai ta wurinta. Chrome zai tambaye ka ko ya maido da shafukan da ya mutu da su, in bai tambaya ba Ctrl da Maj da T yakan dawo da su. Tunda ka ce injin na mutuwa da zarar an ɗauke, batirinka ya gama aiki, kuma wannan ya fi tebura gaggawa: mutuwar farat ɗaya tana lalata fayil ɗin da ake cikin rubutawa, wani lokaci har Windows ɗin ya ƙi tashi. Cire batirin in irin mai fita ne, ka duba ko ya kumbura. In ya kumbura kada ka mayar da shi. Lambar samfurinsa na rubuce a jikinsa, ɗauki hotonta da waya ka je da ita wurin masu kayan kwamfuta, kuma ka sa a gwada sabon a gabanka, a cire caja a ga injin ya tsaya da ƙafarsa kafin ka miƙa kuɗi.